Ruwan Mutum Tamanin

Tela yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, waya a kunne, Saje ya buɗe ido ya kama shi dumu-dumu.

"Wa kake kira?"

Tela ya fara inda-inda. Shekara ashirin katanga ɗaya ce ta raba su, bai taɓa iya yi wa tsohon nan ƙarya ba. Saje tsohon soja ne, amma ba na harbi ba. A sito ya yi aikinsa, yana tura abinci da mai da magani bakin daga, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba, don har cokulan gidansa ya san adadinsu. Shekaranjiya da likita ya ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, sai ya kafa doka: kada kowa ya gaya wa Auta, ɗansa, wanda shi ma soja ne mai jigilar kaya. Da safen nan matar Saje ta ja Tela gefe, ta ce ta ji ayarin Auta zai bi ta babbar hanya, tafiyar rabin awa daga gidan. Tela ya saurari numfashin maƙwabcinsa, ya karya dokar.

"Kawo nan," in ji Saje.

Tela ya ƙara sauti, ya riƙe masa wayar kusa da baki. Muryar Auta na rawa, ana jin ƙugin manyan motoci a bayansa. Ya ce yana mararraba, zai nemi izini ya ratso, ko minti biyar ne ya ga fuskar Baba.

Saje ko lafiyarsa bai tambaya ba, sai ya hau shi da tambayoyin aiki. Me ya ɗauko? Tankar ruwa biyu da akwatunan magani. Mutum nawa ke jira? Tamanin, a wani sansani da rijiyarsu ta rufta. Ruwan kwana nawa ya rage musu? Auta ya ce tun jiya gora ɗaya ake raba wa mutum biyu. Masu rakiya fa? Ƙarfe goma za su tashi, ba sa jiran kowa, wanda ya rasa su sai bayan kwana uku. Takardun kayan kuma sunan Auta ne a kansu, in ba shi tankokin ba sa motsi.

Agogon bango ya nuna goma saura kwata.

"Wuce," in ji Saje.

"Baba..."

"Ka san fuskata, ba ta canza ba. Wuce. In an sauke ka kira ni."

Matar Saje ta fice madafa tana toshe baki da gefen zani. Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya jawo wannan. Ya ɗora wa yaro tafiyar awa shida da zuciya a rabe, kuma in tsohon ya cika kafin wayar ta zo, maganar ƙarshe tsakanin uba da ɗa ita ce ta tankar ruwa.

Ranar bai buɗe shago ba. Ya jawo kujerar roba ya zauna gefen gado. Wata mata ta leƙo neman ɗinkinta, ya sallame ta daga taga. Saje ya yi ta nutsewa yana farfaɗowa, duk farfaɗowa sai ya tambayi lokaci, ya faɗi inda ya kamata a ce sun kai. Wajen ƙarfe biyu tambayar ta tsaya. Matarsa tana jiƙa masa leɓe da auduga, Tela kuwa ya duba wayar nan har ya rasa adadi, ya kira sau uku, babu sabis.

Huɗu da 'yan mintoci wayar ta yi ƙara. Saura kaɗan ta suɓuce masa.

"Baba, an sauke."

Idon Saje ya buɗe a hankali. Leɓensa ya motsa, sai da Tela ya sunkuya ya ji, ya maimaita wa Auta: wai sun sa hannu?

"Sun sa, Baba."

"To, madalla."

Matarsa ta yi dariya cikin hawaye, ta ce mutumin nan ko a wannan hali sai ya tambayi takarda. Tela ya sauke ajiyar zuciya, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Saje ya juyo da ido kansa, ya ce da a bariki ne da yau Tela ya sha gwale-gwale kan karya doka. Daga nan ya yi magana da ɗansa, kaɗan-kaɗan, ya sa masa albarka, ya ba shi amanar uwarsa. Aka kira Auta wajen rabon ruwa, ya roƙa kada a kashe wayar, zai sa tasa a aljihu. Tela ya ajiye ta kan matashi.

Kafin rana ta bar tagar Saje ya cika, hannunsa cikin na matarsa. Tela ya rufe masa ido, ya ja mayafin ya daidaita. Ya kai hannu zai ɗauki wayar, sai ya dakata. Daga can nesa ana jin hayaniyar maza a layi, da ƙarar ruwa yana zuba cikin jarkoki.