Zare a Tsakanin Haƙora

Tun ranar da injin masaƙa ya cinye masa yatsun hagu, mai gyaran takalmin nan na bakin tasha ya mai da haƙoransa hannu. Dama ta soka basilla, dungulmin hagu ya danne takalmi a cinya, baki ya cafki zare ya ja har jijiyar wuya ta miƙe. Ɗinkinsa kuwa, sai dai takalmin ya mutu ya bar shi. Da bakin nan yake ci da iyali.

To, abinka da jiki da jini. Muƙamuƙi ya fara ƙas-ƙas in yana tauna, ciwo ya haura kunne, ya zauna a gefen kai. Da ta kai cokali ma ba ya shiga sai a karkace, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti, aka tura su wurin mai tausa.

Mai tausar ya kwantar da shi, ya sa safar hannu, ya zura babban yatsa cikin bakin, ya danna wani kulli can bayan kumatu. Wayyo! Hawaye ya gangara har cikin kunne. Amma da aka jima ana murzawa, sai ga baki ya buɗe, yatsa uku sun shige.

"Baba, me kake ja da haƙoran nan?" in ji mai tausa. "Ga sawun zare ya yi hanya."

"Abincina nake ja, ɗana."

"To, naman zan iya sassauta maka. Gaɓar kanta ce ta fara cinyewa, ita kuwa tausa ba ta mai da ita. Ka bar jan nan kwata-kwata." Ya juya ga matar. "Mama, matso in nuna miki yadda za ki riƙa yi masa."

Ta koya kuwa, har ta fi malamin taushin hannu. Nan gizo ya yi saƙa. Shi da ya saba da gyara, sai ya ɗauki tausa kamar man da ake ɗiga wa almakashi: a murza da safe, a koma bakin aiki. Ciwon da ke taka masa birki ya lafa, sai ya ƙara wa ja ƙarfi.

"Malam, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Ni nake kwancewa, kai kana ɗaurewa."

"In na ajiye, me za mu tauna da bakin da kika gyara?"

Ta ci gaba da murzawa, tana jin haushin hannunta.

Wata rana da hantsi yana ɗinke wa wani direba takalmi, ya ja zare, sai wani abu ya ce ƙarat a gindin kunne. Baki ya kulle gam, zare a ciki. Aka kira matar da gudu. Ta durƙusa a gaban jama'a, ta murza, ta murza, ko farce ya ƙi shiga. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar injin.

Ƙarshe dai ta ɗauki almakashinsa ta datse zaren dab da leɓe.

Direban yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan benci, mota ta cika tana jiransa. "Baba, ya ake ciki? A ƙarasa ko in tafi?"

Mai gyaran ya miƙa masa takalmin, rabinsa a wangale, zare na reto. Ko haƙuri bai iya ba shi ba.