Kujerar Kusa da Tamimu

Tun da hawan jinin ido ya rufe wa Tamimu gani, bai taɓa fita da 'yarsa Khairunnisa su biyu kaɗai ba. A da shi ne mai ɗauko fasinja daga filin jirgin JFK ya kai su duk lungun da suka nufa a New York, amma yanzu ko kantin da ke ƙasan gidansu a unguwar Jamaica sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya sauka. Sai ga yarinyar ta dawo daga makaranta da maganar wani sabon fim ɗin katun da kowa a ajinsu ya gani, ita kaɗai ta rage. Mahaifiyarta Hajara tana aikin kula da tsofaffi har ranar Asabar, ita ce kuma ta binciko cewa gidan sinimar unguwar yana ba makafi wata na'ura da ake sa wa a kunne, murya tana bayyana wa mutum abin da ke faruwa a allo. Ta ce su bari sai ta samu hutu su je tare. Tamimu ya ce a'a, shi zai kai ta. Yana faɗa ya so ya janye, amma magana ta riga ta fita.

Ranar Asabar bayan azahar suka kama hanya, farar sandarsa a dama, hannun yarinyar a hagu. Bai sake ta ba har suka karɓi tikiti. Saurayin da ke kan kanta ya miƙo masa na'urar cikin sauri, ya ce an riga an saita ta. Khairunnisa ta kai shi kujerarsu, ta ɗora masa gugguru a cinya, ya naɗe sandar ya ajiye a ƙasa.

Da aka fara, ɗakin ya cika da kiɗa mai daɗi da ihun yara. A kunnensa kuwa wata mace ta soma magana a nutse da Turanci: titi ne mai duhu, ana ruwa, wani mutum ya fito daga mota yana goge hannunsa da tsumma. Tamimu ya ci gaba da saurare. Bai taɓa amfani da abin ba, sai ya ce a ransa wataƙila katun ɗin zamani haka yake farawa. Can muryar ta ce 'yan sanda sun ɗaga mayafin da aka rufe gawa da shi, daidai lokacin da yaran ɗakin suka fashe da dariya. Nan ya gane an haɗa shi da fim ɗin wani ɗakin daban.

Ya yi tunanin ya gaya wa yarinyar, sai ya tuna dole ta tashi ta ja shi waje a tsakiyar abin da ta daɗe tana jira. Ya bar na'urar a kunne don kada ta lura. In ya ji an yi dariya, shi ma ya yi.

Labarin kunnen nasa ya ci gaba da ƙazanta. Muryar ta ce wata yarinya na tsaye a kanti, uwarta ta juya baya tana waya, mutumin nan ya sunkuya ya yi mata murmushi, ya kama hannunta suka nufi ƙofa. Tamimu ya miƙa hannu don ya taɓa kafaɗar Khairunnisa. Hannunsa ya sauka a kan kujera, ta naɗe sama, ba kowa.

Ya fizge na'urar daga kunnensa. Ya san sarai fim ne, ya san ba abin da ya haɗa shi da 'yarsa, amma jikinsa bai yarda ba. Ya kira ta a hankali da sunan da yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci: "Mamana?" Wata mata a baya ta ce ya yi shiru. Ya laluba ƙasa, sandar ta gangara ƙarƙashin kujerun gaba, bai same ta ba. Ya miƙe haka nan, guggurun ya watse, ya bi layin yana taka ƙafafun mutane yana ba da haƙuri, har ya ci karo da bango. Ya bi bangon da tafin hannu, ya yi tuntuɓe a matakala, ya ture ƙofa.

A waje bai san gabas ba bai san yamma ba. Ƙofofi ta ko'ina suna fitar da ƙara, mutane suna wucewa ta gefensa. Me zai ce wa Hajara? Ko kalar rigar da yarinyar ta sa bai sani ba, in aka tambaye shi. Ya ɗaga murya ya kira cikakken sunanta, ya sake kira.

Sai ya ji gudun ƙananan ƙafafu, ta rungume ƙugunsa. Ya durƙusa ya shafa kanta da fuskarta, ya riƙe damtsenta da ƙarfi har ta ce yana mata zafi.

"Ina kika je? Wa ya ce ki tashi?"

Ta amsa da Turanci kamar kullum. Ta ce ai ta gaya masa, bai ji ba ne saboda abin kunnen. Ta ga yana dariya a wurin da ɗan giwar katun ɗin ya ɓata yana kuka, sai ta kara kunnenta kusa da nasa ta ji ana maganar bindiga, shi ne ta fita neman wanda zai gyara.

Wata ma'aikaciyar wurin ce ta rako ta, sunanta Fusena. Da ta ji yana Hausa sai ta juya zuwa Hausar mutanen Gana. Ta ba shi haƙuri, ta ce kuskuren nasu ne, ta danna na'urar ta mayar da ita kan fim ɗin ɗakinsu, ta shiga da fitila ta ɗauko masa sandar.

"Baba, in kana so ku jira na gaba ku fara daga farko," in ji ta.

Tamimu ya so ya ce gida za su tafi. Ya ji yarinyar ta matse hannunsa tana jiran amsarsa, sai ya ce su koma su ƙarasa wannan.

Suka koma. Muryar yanzu ta namiji ce, yana ba da labarin ɗan giwa da ke ratsa kogi a kan gungume. Tamimu bai fahimci rabin abin ba, don an yi nisa. Kunne ɗaya kawai ya sa wa na'urar, ya damƙe gefen rigar Khairunnisa har aka kunna fitilu.

A hanya ta tambaye shi ko za su sake zuwa. Ya ce sai sun yi magana da mamanta, kuma shi da kansa zai gaya mata abin da ya faru, kada ta riga shi. Suka tsaya a bakin titi suna jiran a ba masu ƙafa hannu, ya tambaye ta kalar rigar da ke jikinta. Ta ce shuɗiya ce, mai hula.