Hoton Baba a Jiƙaƙƙiyar Waya

Auta, ƙanwar matata, ta faɗo shagona na gyaran waya ko sallama babu, ta dire wayarta a kan tebur cikin tarkacen sukurori. Ta ce Baba ya fita tun da safe, an neme shi sama da ƙasa an rasa. Surukin nawa tsufa ya kai shi inda yake mance sunayen 'ya'yansa, kuma in ya miƙi hanya ba ya waiwaye. A tashar mota da wajen 'yan sanda duk abu ɗaya aka tambaye su, hoto. To, Baba mutum ne da bai yarda a ɗauke shi ba, katin shaidarsa kuma yana aljihunsa. Hoto ɗaya ke gare shi, wanda Auta ta ɗauka a sace yana sauraron rediyo, kuma yana cikin wayar nan. Ita kuwa wayar ta faɗa bokitin wanki lokacin da Auta ta zabura neman sa.

Na tambaye ta ko ta jona ta a caji bayan ta tsamo ta. Ta ce ta jona. Wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai: waya ta sha ruwa, maimakon a bar ta ta huta, sai a ɗura mata wuta. Na buɗe baki zan yi faɗa, na tuna abin da ya kawo ta, na haɗiye.

Na kwance wayar, na cire batir, na wanke allon cikinta da sinadari na busar. Sannan na maƙala mata wayoyin injin ba da wuta. Lafiyayyar waya ba ta jan komai sai an danna makunninta. Wannan ban ko taɓa ta ba allurar injin ta yi tsalle ta kai ƙarshe. Na yi maza na cire. Wani abu a allon ya ƙone yana zuƙe wutar, kuma cikin ɗaruruwan 'yan ƙwayoyin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sai na gano wanne ne.

Na narka ƙaro a bakin ƙarfen liƙi, na turara allon da hayaƙinsa har ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Dabarar ita ce, in aka saki wuta kaɗan, duk inda ke zafi nan farin zai fara narkewa. Na saki. Ba inda ya motsa. Na ƙara kaɗan, ina jin Auta a bayana tana amsa kiran matata a wayata, tana cewa a'a, har yanzu, a duba bakin kwalbati. Kalmar kwalbatin nan ta sa na hango Baba kwance a ciki.

Can sai wani ɗigo ya yi duhu. Na leƙa ta madubin ƙara girma. Ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin nan ce, wadda muke kira kafasita, manne da gefen ma'ajiyar da hotuna ke ciki. In na hura mata iska mai zafi don in cire ta, ma'ajiyar na iya tafiya, hoton ya bi ta. In na bar ta, wayar ba za ta tashi ba har abada.

"Yaya, me ya sa ka tsaya?" in ji Auta.

"Ki daina jingina da teburin nan."

Na ajiye injin iskar. Na ɗauki matsefata mai tsini, na ɓalle kafasitar da ƙarfi, aikin da in na ga wani mai gyara ya yi sai in kira shi mahauci. Ta yi tsalle ta ɓace a ƙasa.

Na sake jona wuta. Allura ta kwanta. Na maƙala gilashin fuskar wayar, na danna makunni, allurar ta ɗaga a hankali, ta sauka, ta sake ɗagawa, yadda ya kamata. Haske ya kawo. Auta ta fara hamdala, amma ni idona na kan allurar, don ta soma rarrafawa sama ba ta dawowa. Akwai wani ciwon a wani wuri, kuma allon ya fara ɗumi a ƙarƙashin yatsana.

Na ce ta buɗe da sauri, ba lokacin tura komai. Ta yi kuskuren lambar sirri, ta sake. Ta shiga hotuna tana ja: atamfofi, takalma, 'ya'yan maƙwabta, atamfofi kuma. Na fizge wayata daga ɗaya hannun nata na saita a kan gilashin. Ƙaurin ƙuna ya fara tashi.

"Ga shi!"

Na ɗauka. Ban kai ga ɗaukar na biyu ba gilashin ya yi baƙi, allura ta buga ƙarshe.

Muka duƙa a kan wayata. Hoton ya ɗan karkace, ga hasken fitilata a kafaɗarsa, amma Baba ne, da hularsa da tabon da ke gefen girarsa, ya kara rediyo a kunne. Auta ta shafa fuskar da babban yatsa. Na ce ta tura wa kowa, ta tafi da wayata, zan rufe shago in biyo ta.

Ina neman kwaɗo ina jin muryarta a bakin titi, ta tare mutum na farko.

"Don Allah, bawan Allah, ko ka ga wannan tsohon? Babana ne."