Sikelin Mahauci da Ƙafar Auta

Ni mahauci ne, shekara ashirin da shida ina kan teburin nama, kuma ban taɓa ganin wanda ya bar gidansa da safe don ya zo ya yi maka alheri a banza ba. Shi ya sa da maiɗakina ta ce wasu mata biyu sun shigo da sikeli da igiyar awo mai launi suna auna yaran layinmu, abin da na fara tambaya shi ne, "Me suka ɗauka?"

"Ba su ɗauki komai ba, Baban Auta. Tambayoyi kawai suka yi."

"Tambaya ma ɗauka ce. Me kika faɗa musu?"

Wai sun tambaya ko 'yarmu Auta ta yi gudawa, sau nawa take ci a rana, ina muke ɗibar ruwa. Bincike suke yi kan lafiyar yara, gida-gida. Sauran yaran an auna an sallame su. Auta kaɗai aka rubuta a wata takarda daban, aka ce a kai ta asibiti a ranar. Maiɗakina ta ce sai na dawo, suka ce za su zo da safe su same ni.

Takarda daban ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Na leƙa shagon Tela maƙwabcina. Ko ɗago kai daga keke bai yi ba, ya ce, "Irin waɗannan da yara marasa lafiya suke cin abinci. In ba su samu ba, sai su ƙirƙiro." Rabin zancen Tela iska ce, amma wannan ya zauna mini.

Ga abin da na sani da idona. Auta saura wata biyu ta cika shekara biyu. Bayan yaye ta yi gudawa kusan sati uku, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Mun kai ta ƙaramin asibiti, muka zauna a benci tun hantsi har la'asar, aka auna ta kilo bakwai da rabi, aka ce babu magani. Ban sake komawa ba. To a 'yan kwanakin nan yarinya ta ciko, kumatu sun fito, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul. Yanzu da ta murmure ne za a ce ba ta da lafiya?

Da sassafe na ɗauke ta zuwa shago, na wanke farantin sikelina da sabulu, na shimfiɗa zani, na ɗora ta. Kilo takwas da ɗigo uku. Na auna sau biyu.

Na dawo na tarar da su a tsakar gida. Babbar cikinsu malamar asibiti ce, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Hakan ya fi mini, don mai yawan murmushi wani abu yake sayarwa.

Na ce, "Malama, ɗora ta a naki sikelin ina gani. Kar ki taɓa komai a ƙasa."

Ta ɗora. Takwas da ɗigo uku.

"Sikelinka daidai yake," in ji ta.

Wannan ma bai kwanta mini ba. Mai cuta ba ya saurin yarda haka sai in yana da wata hanya.

"To yarinya ta ƙaru, ku kuma kun ware ta. Ku nawa ne kuke cin moriyar sunanta?"

Sai ta zaunar da Auta a cinyar uwarta, ta kama ƙafafunta biyu, ta danna babban yatsa a bayan kowace ƙafa, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Rami biyu suka zauna a wurin, kamar an danna ƙullun fulawa.

Na ce da ƙarfi ta danna. Na tsuguna na danna tawa ƙafar, ta dawo nan take. Na danna ta maiɗakina, ta dawo. Sannan na sa yatsana a ƙaurin Auta a hankali, na ɗaga. Ramin ya tsaya yana kallona.

Na san wannan. Dillalai kan ba dabba gishiri, su ɗirka mata ruwa kafin a shigo kasuwa, ta yi nauyi, ta yi sheƙi. Naman da ya sha ruwa kuwa, in ka danna ba ya tasowa. Na kori mutum ya fi ɗari daga teburina da yatsan nan. A cikin gidana kuma kwana goma ina kallon kumburi ina cewa ƙiba. Sai a lokacin na lura gashinta ya yi ja, ya yi laushi. Shirun da take yi, da muke cewa hankali ne, rashin ƙarfi ne.

"Ruwa ne," na ce. "Ba tsoka ba ce."

"Yau za a kwantar da ita a babban asibiti," in ji malamar. "Irin wannan ba ya jiran gobe."

"Takardar binciken fa?"

"Ita daban, magani daban. In ka ƙi sa hannu, zan rubuta ka ƙi. Gadon asibitin dai na Auta ne."

Na sa ta karanta mini takardar tun daga sama. Sannan na kai wa Tela ya karanta mini ba tare da ya ji nata karatun ba. Yana yi yana in-ina, amma maganar iri ɗaya ce. Duk da haka ban dangwala yatsa ba. Wasiƙar asibitin kawai na karɓa, na rufe shago, muka tafi.

Ɗakin da aka kwantar da ita gado goma sha biyu ne, fanka ɗaya ke aiki. Wata madara tsararo suke ba ta a kofi, kaɗan-kaɗan, bayan awa biyu. Kofin farko sai da na kurɓa kafin na bari a ba ta. Nas ɗin ta harare ni.

"Baba, in yunwa kake ji akwai masu abinci a bakin ƙofa."

"Ki dai zuba, 'yata."

Kowace safiya ina tsaye a wurin in za a ɗora ta a sikelinsu. Rana ta huɗu ya nuna bakwai da ɗigo ɗaya. Maiɗakina ta fara hawaye, wai sun ƙarar mata da yarinya, mu tattara mu tafi gida.

Na ce, "Zauna. Wancan nauyin ba namu ba ne dama. Daga nan za a fara ƙirge."

Rana ta shida Auta ta fizge kofin daga hannun nas, ta ɓarar da rabi a gado, ta callara kukan da ya tashi yaron gadon kusa. Uwarsa ta yi tsaki. Na ba ta haƙuri, na je na ce a ƙaro madara.