Jin Ta Bakin Yarinya

Ofishin taimakon shari'a yana saman wani shagon ɗinki ne, sai an bi ta wata siririyar matattakala wadda mutum biyu ba sa iya giftawa a lokaci guda. Duk wanda ya hau, kafin ya ga Barista sai ya fara cin karo da mataimakinta, wani dogon mutum mai 'yar furfura a gefen kunne, yana zaune bakin taga da tulin fayil a gabansa. Mutanen unguwa Ƙaramin Lauya suke ce masa. Ya sha gaya musu shi ba lauya ba ne, bai taɓa sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali ba, har ya gaji ya ƙyale su.

Aikinsa shi ne sauraro. Shi ke jin ƙorafin mutum tun daga tushe, ya tsara takardar rantsuwa, ya raka wanda bai san ƙofar kotu ba. In mai gida da ɗan haya sun hau sama, ko ma'auratan da suka rabu suna jayayya kan yara, shi ke zaunar da su, sau da yawa maganar ta mutu a teburinsa ba ta kai gaban alƙali ba.

Wata safiya Barista ta leƙo daga ofishinta, tabarau a kan karan hanci. Tsohuwa ce gajera, mai kaifin baki.

"An taɓa dokar riƙon yara," ta ce. "An shirya wa mataimakan lauyoyi bita, duk Asabar. Na ba da sunanka."

"Ranki ya daɗe, da furfurata za a mayar da ni benci?"

"Ni da na kusa haifarka ina zuwa tawa bitar. Abin da ka haddace bara, bana an sauya shi. Ka je, ko ka rage zaman gida."

Ya yi ƙorafin ne kawai don kada a ce bai yi ba. A ransa yana son aji. Kuma Asabar ita ce ranar da ta fi yi masa tsawo a gida, domin shi kaɗai ne a ciki.

Yana da 'ya guda ɗaya, Mamana yake ce mata. Shi da mahaifiyarta sun rabu tun tana ƙarama, ba zagi ba tashin hankali, zama ne kawai ya ƙi. Da hannunsa ya tsara yarjejeniyar riƙonta, har Barista ta karanta ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta kai ta adalci ba. A lokacin suna gari ɗaya, in an tashi makaranta yakan ɗauko ta, ta shige ƙarƙashin teburinsa ta yi ta buga masa hatimin ofis a bayan hannu. Daga baya mahaifiyar ta auri wani injiniyan ruwa, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa babban birni, tafiyar wuni guda a mota. Aka ce makarantun can sun fi kyau. Ya duba ya ga gaskiya ne, ya amince.

Ya je ganinta 'yan lokuta. Kowane zuwa sai a zaunar da shi a falon wani, a kawo masa lemo, injiniya ya yi ta ba shi labarin bututu da famfo cikin mutunci, yarinyar ta fito ta gaishe shi ta koma ɗaki. Sai ya taso yana jin kamar baƙon da ya zo duba mita. A hankali zuwan ya ragu, waya ta maye gurbinsa.

"Mamana, ya karatu?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya mamanki?"

"Tana lafiya."

"To, ki dage fa."

Kafin shayinsa ya huce sun yi sallama. Sai ya zauna da wayar a hannu yana tuno abubuwan da ya so ya faɗa.

A wani zaure na cibiyar horaswa ake bitar, mai kujerun ɗalibai da gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashinsu. Mai koyarwar tsohuwar alƙaliya ce da ta yi ritaya, kowa Mai Shari'a yake ce mata. Kusa da shi wata matashiya ce daga wani ofishin, wadda tun ranar farko aka laƙaba mata Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa.

A mako na uku Mai Shari'a ta zo kan sabon sashen. Daga yanzu, in yaro ya yi wayo, ba za a yanke wanda zai riƙe shi ba sai an ji ta bakinsa.

"Kuma jin ta bakin yaro ba wai ka ce masa wa ka fi so ba ne," ta ce. "Wannan ɗora masa dutse ne a ka. Ka zauna daidai tsayinsa. Ka yi tambaya ɗaya, ka rufe bakinka. Manya ba sa jure shiru, sai su cike shi da nasu surutun, su tashi suna cewa yaron bai ce komai ba."

Ta ce a fito a gwada. Wani mai ƙiba ya zama mai sasanci, Rediyo ta zama 'ya, shi kuma saboda furfurarsa aka ce ya zama uba. Aka jera kujeru uku a gaban allo.

Mai sasanci ya gyara murya. "Yarinya, ya kike da babanki?"

Rediyo ta langaɓar da kai ta maƙale murya. "Ni dai Baba in ya kira ni kamar sufeton makarantu ne ya zo zagaye. Ya karatu, ya jarrabawa, ki dage. Shi ke nan!"

Aji ya kwashe da dariya. Da ta ga ta samu shiga, sai ta ƙara.

"Ban ma sani ba ko yana kewata. Bai taɓa faɗa ba."

Aka juyo ana jiran amsar uba. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Fankar sama tana ta juyawa, dariyar ta mutu da kanta. Rediyo ta zunguro shi da ƙafa, ta ce a hankali, "Yaya, kai ake jira." Ya kasa.

"Ya isa haka," in ji Mai Shari'a. "A je a sha shayi."

Yana tsaye a baranda shi kaɗai ta same shi, da kofinta a hannu.

"Taka 'yar ta girma?"

"Ta shiga sakandare, ranki ya daɗe. Tana babban birni wurin mahaifiyarta."

Ta kurɓi shayi, ta ce, "Kashi na biyu na bitar nan a babbar cibiya za a yi shi, can birnin, mako guda. Guraben ba su da yawa. In kana so ka yi magana da wuri." Ta juya ta koma ciki.

Da yammacin ranar ya kira 'yarsa a waya. Suka gaisa, ya danne tambayar karatu da ƙyar, ya yi shiru kamar yadda aka koya musu.

"Baba? Layin ya katse ne?"

"A'a, ina jin ki."

"To lafiya? Ko ba ka da lafiya ne?"

Dariya ta kusa ƙwace masa. "Ƙalau nake. Cewa na yi, yau me kika yi wanda ba karatu ba?"

"Atisaye muka je."

"Atisayen me?"

"Gudu mana. Ai ina cikin masu yi wa makaranta tsere."

"Tun yaushe?"

"Kai, Baba, ai na daɗe."

Ta ba shi labarin kocinsu mai usur da faɗa, da wata yarinya da kullum take wuce ta a kwanar ƙarshe, da takalminta da ya fara matse ta. Yana ji yana gyaɗa kai kamar tana ganinsa. Da suka ajiye waya, daɗi da ciwo suka haɗu masa wuri guda. Yarinyar da ya sani mai tsoron tsallake kwata ce, sai an riƙe mata hannu.

Litinin ya sami Barista da maganar mako guda.

"Kai da na tura da ƙyar, yanzu kai ke neman ƙari? Wa zai zauna mini da mutanen nan?" Ta kalle shi ta saman tabarau, ta daɗe tana kallo. "A ina za a yi?"

Ya faɗa mata.

"Af. To ka tafi. Amma ka dawo mini da shaidar kammalawa, kada ka je ka ɓige da yawo."

Babbar cibiyar tana da majigi da na'urar sanyaya ɗaki, da malamai matasa masu saurin magana. Ya zauna a gaba yana rubutu, rabin hankalinsa na kan agogon bango. Ran Laraba ake tseren makarantu, mahaifiyar 'yarsa ta gaya masa a waya, ta ƙara da cewa, "Ai ƙofa a buɗe take, Malam. Kai ne ba ka zuwa."

Ana tashi daga aji ya tari mota. Ya tarar da filin cike da ɗalibai da iyaye, ana ta ihu da busa usur. Da aka jera 'yan mata a bakin layi, sai ya shiga nemanta cikin gajerun. Bai gan ta ba. Har aka saki tseren, suka sha kwana ta gabansa, sannan ya ga wata doguwa mai dogon wuya tana jefa ƙafa, kafaɗarta ɗaya a ɗage kamar tasa. Bai san lokacin da ya ɗaga murya ba.

"Mamana! Mamana!"

Ta uku ta zo. Ta dafa gwiwoyi tana haki, sannan ta nufi wani mutum a bakin fili mai riƙe da gorar ruwa da tawul. Injiniya ne.

"Abba, ka gani? A kwanar nan ta sake wuce ni!"

"Kin fara da wuta ne, na gaya miki," in ji injiniya.

Ƙaramin Lauya ya tsaya inda yake, jakarsa ta takardun bita a hammata. Abba. Bai taɓa jin ta faɗa da kunnensa ba. Ya ga yadda mutumin ya san ta wane gefe take karɓar tawul, ya ji kamar ya juya ya tafi tun ba a gan shi ba. Amma injiniya ya riga ya hango shi. Ya ƙaraso da fara'a suka yi musabaha, sai ya miƙa masa gorar ruwan.

"Riƙe mata, Malam. Bari in je in duba motar, na ajiye ta a inda bai dace ba."

Suka zauna a kan benci, uba da 'ya, kafaɗarta ta kusa kai tasa. Ta sha ruwa, tana satar kallonsa.

"Baba, ka yi furfura."

"Ke ma kin yi tsawo ba da izinina ba."

Ta yi dariya, ta rufe baki da tawul. Suka kalli tseren maza na ɗan lokaci. Ya juya maganar a ransa har ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai faɗa ba.

"Mamana, lokacin da za ku taho garin nan, ni da mamanki muka zauna muka yanke. Ke babu wanda ya tambaye ki. Da an tambaye ki, me za ki ce?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta. Shirun ya yi tsawo, bakinsa na ƙaiƙayin ya ce ba komai, a bar maganar. Ya cije.

"Da sai in ce a taho da kai," ta ce. Ta ɗan murmusa. "Ka san lokacin ba ni da wayo."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ƙawayena suna nan, ga ƙannena, ga gudu. Ba zan iya komawa ba, Baba." Ta ɗago da sauri. "Ba ka ji haushi ba?"

"Ko kaɗan."

Ya ji ciwon, amma ba haushi ba ne.

"Sai dai hutu. Mama ta ce ba ka taɓa cewa in zo hutu ba."

"Gidan ne ƙarami, kuma wuni nake a ofis. Gani nake za ki takura."

"To ai ba ka tambaye ni ba."

Ya kalle ta, ya gyaɗa kai. "Ki zo. Ina kewarki, Mamana. Kullum."

Ta matso ta jingina kanta mai gumi a kafaɗarsa, har injiniya ya yi hon daga bakin ƙofa.

Ya koma gida da shaidar kammalawa, Barista ta juya ta gaba da baya ta ce ashe dai ya shiga ajin. Ya kwashe tsofaffin littattafan da suka cika ƙaramin ɗakin, ya sa aka yi fenti, ƙanwarsa ta zo ta rataya labule tana yi masa tsiya wai kamar mai jiran shugabar ƙasa.

Ana saura kaɗan a yi hutu yarinyar ta kira, muryarta a sanyaye. An zaɓe ta cikin waɗanda za su shiga babbar gasa, kuma a cikin hutun za a yi atisaye.

"In ka ce in bari, sai in bari," ta ce.

Yana tsaye a ƙofar ɗakin, warin fenti bai gama fita ba. Ya kalli katifar da ko ledarta ba a cire ba.

"Ke me kike so?"

"Ina son gasar. Kuma ina son zuwa."

"To ki je ki yi gudunki. Ɗakin ba inda za shi. Wace rana ce gasar?"

Ta faɗa masa. Ya ja ƙofar ɗakin a hankali ya rufe, ya sa takalmi, ya nufi tasha ya tambayo ƙarfe nawa motar farko ta babban birni take tashi.