Ciyawar da Waya Ta Nuna

Malam Ishiyaku yana da shanu talatin da huɗu a rugarsa ta bayan Fammar, kuma a bazarar nan duk sun rame har ana ganin haƙarƙarinsu. Burtali ya zama gona, mashaya ta ƙafe. Babban ɗansa Bello ya ce a tashi.

Ya kawo wayarsa ya nuna wa tsohon wani fili can kudu, tafiyar kwana goma sha biyu da dabbobi. Daga sama aka ɗauko hoton. Wurin kore shar, ga rafi ya ratsa ta tsakiya.

"Wa ya je ya gani?" in ji Malam Ishiyaku.

"Tauraron ɗan'adam, Baffa. Ya fi idon kowa."

A gidansu ba a taɓa kora garke zuwa inda ɗan gida bai fara zuwa ya kwana, ya sha ruwan wurin ba. Amma shi ma tsohon ya ga koren.

Ranar kasuwar Kibiya Malam Ishiyaku ya tarar da Malam Zailani, mai koyar da kimiyya a sakandare, zaune a rumfar masu dusa. Bayan gaisuwa ya tambaye shi ko masu tauraron nan sun yarda da abin da yake nuna musu.

"Ƙwarai kuwa," in ji Malam Zailani. "Ai sun wuce nan. Akwai wata duniya da ake kira Mars. Shekara da shekaru na'urorinsu suna can suna yawo, suna tona ƙasa, suna aiko hoto."

"To, ai sun gama."

"Ina. Yanzu shiri suke su tura mutum. Za su fara komawa wata, su koyi zama a can, sannan su nufi Mars ɗin. Zuwa kaɗai ya fi wata shida. Ko za a rubuta sunanka ne, Malam? Sai dai babu nono a can."

Masu dusa suka yi dariya. Malam Ishiyaku bai yi ba.

"Duk hoton nan bai ishe su ba?"

"Gardamar da suke yi ke nan. Wasu sun ce a bar wa na'ura, ba ta ci, ba ta sha, in ta lalace ba a zaman makoki. Wasu sun ce in dai zama ake so a yi wata rana, sai mutum ya taka wurin da ƙafarsa."

Malam Ishiyaku ya ɗaura dusarsa a bayan ɗan acaɓa ya koma gida. Da la'asar ya kira Bello gindin turke.

"Gobe za ka tafi. Kai kaɗai, ba saniya ko ɗaya. Ka kwana bakwai a wurin. Ka duba ƙudan tsando, ka sha ruwan, ka gaida mai gari ka dubi fuskarsa."

"Baffa, shanun nan ba za su jira ba."

"Masu tauraron da ya ɗauko maka hoton ma ba su tsaya a kan hoto ba. Balle ni."

Bello ya hau mota ya tafi. Garke ya zauna a kan kara da dusa. Rana ta biyar wata tsohuwar saniya ta kwanta ba ta tashi ba, aka yanka. Rana ta tara jar saniyar da ta fi kowace nono ta bi ta. Malam Ishiyaku da kansa ya riƙe wuƙar.

Kwana goma sha ɗaya Bello ya dawo. Ya ga fatu biyu a shanye jikin danga kafin ya yi sallama.

"Yaya wurin?"

"Yadda waya ta nuna, haka yake. Ciyawa har gwiwa. Ruwan da daɗi, babu tsando. Mai gari ya ce mu zo." Ya sake duban fatun. "Da mun tashi tun ranar, da suna nan da ransu."

"Da mun tashi tun ranar, da ba mu sani ba."

Bello ya juya ya nufi wajen shanun.

Washegari bayan sallar asuba aka kwance maruƙa, mata suka ɗora ƙwarya a kan jakuna. Shekara arba'in Malam Ishiyaku ne ke gaban garke duk tashi. Ranar nan ya saɓa sandarsa ya tsaya a baya, wajen raunana.

"Shiga gaba," ya ce wa Bello. "Kai ka san hanya."