Tambaya ta Huɗu

"Iya, mene ne sunan ɗanki na fari?"

Karo na uku ke nan Dakta Sadisu yana maimaita tambayar. Iya Zubaida ta ja bakin hijabinta ta rufe baki, ta zuba wa tabarma ido. Ɗazun nan tsohuwar ta lissafo masa jikokinta goma sha bakwai ba gargada, har da shekarar farin da aka haifi babbansu.

Shekara tara Sadisu yana kan wannan aiki. Malamin jami'a ne a Kano, masanin halayyar ɗan Adam. Gwajin mantuwar tsufa ya samo daga Turai, ya mayar da shi Hausa, ya rubuta masa doka da hannunsa: wadda ba ta amsa ba, a ba ta sifili. Ɗalibansa mata ne ke shiga gidajen Rano da Kibiya suna tambayar tsofaffi, shi yana ofis yana haɗa lissafi. Har ya buga sakamakon cewa rabin tsofaffin matan yankin sun fara ruɗewa, kuma da wannan takarda za a duba ƙarin girmansa ranar Litinin. Yau ma yajin aiki ne ya watsa ɗalibai, shi ya sa ya zo ƙauyen Fammar da kansa, shi da Ramlatu, ɗalibarsa mai digiri na biyu, aka tara musu tsofaffin unguwar a gidan Iya Zubaida.

"To, sunan maigidanki fa?"

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta juya wajen Ramlatu. "Yarinya, wannan malamin naku ɗan ina ne? Ina da kunyata zan kama sunan Malam? Shi ko yaron, ai ga shi can a ƙofar gida, ku tambaye shi."

Sadisu ma ɗan fari ne a wajen mahaifiyarsa, ko da yake na shida ne a wajen mahaifinsa. Har mahaifiyarsa ta rasu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wannan yaron". Ya san haka kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa haɗa shi da takardar ba.

Ya ja Ramlatu zaure. "Mata nawa suka yi shiru a tambaya ta huɗu da ta biyar?"

"Kusan duka, Dakta."

"Kuma ba wanda ya faɗa mini?"

"Mun faɗa, tun shekarar farko. Ka ce kada a taɓa ko wasali, in an canza Turawa ba za su karɓa ba."

Ya tuna. Har tsawa ya yi musu. Maki shida ke kan tambayoyin nan biyu, kuma maki shidan ne suka tsallakar da mata sama da ɗari biyu zuwa layin masu ruɗewa. In ya cire su, ba abin da ya rage masa. Shekararsa hamsin da uku, ba shi da wata shekara tara. Baƙin ciki ya tokare shi, ga kunyar yarinyar da ke tsaye tana jiran ya ce wani abu.

Suka koma ciki. Iya Zubaida ta sa an kawo musu fura, tana tambayar Ramlatu lafiyar mahaifiyarta, wadda ta haɗu da ita sau ɗaya a asibitin Rano shekara shida da suka wuce.

Sadisu ya ɗauki biro. Ya rubuta sifili a gurbi biyu.

"Na ci jarrabawar, Malam?" in ji tsohuwar.

"Allah ya ƙara lafiya, Iya," ya ce. "A turo ta gaba."